Wata huɗu da manhajar da ke kulle min waya sai na karanta aya

Tun farko bari in faɗa, ba zan kama sunan manhajar ba. Na ɗaya ba na son a ce biyana aka yi in yi talla, na biyu kuma irinta sun yi yawa yanzu, in ka shiga inda ake sauke manhajoji ka rubuta wani abu da ya shafi addu'a da kulle waya za ka ga sun jero maka kamar 'yan gida ɗaya, aikin kusan iri ɗaya ne launi kawai ya bambanta. Wadda na yi amfani da ita tana tallata kanta ne da cewa ita makamin yaƙin ruhaniya ce, wai za ta taimaki mai bi ya ci nasara a kan duniya, hoton farko da zai tarbe ka ma garkuwa ce da takobi da harshen wuta. Na yi wata huɗu cur da ita a wayata, don haka ina ganin na isa in ce wani abu.

Abin da ya kai ni gare ta ba wani babban zunubi ba ne da za a kira dattawan ikkilisiya a kai, abin kunyar ma ƙarami ne shi ya sa ya daɗe. Da safe kafin in ce Ubangiji na gode ka tashe ni lafiya, hannuna ya riga ya lalubo waya, kafin in buɗe Littafi Mai Tsarki na riga na san wa ya zagi wa, wa ya sayi sabuwar mota, wa ya yi aure, wace ce ta fito da kayan da bai kamata in tsaya kallo ba amma na tsaya. Sai in zo addu'a da kai cike taf, bakina na ta motsi amma zuciyata na can tana lissafin abin da wani ya samu ni ban samu ba. Ranar da na duba lissafin awoyin da wayar da kanta take ajiyewa sai da na ji kunya ni kaɗai a ɗaki, don lokacin da nake cewa ba ni da shi na karanta sura biyu, ga shi nan kwance a gabana, awa biyar da wani abu a rana ɗaya.

Yadda take aiki ba wuya. Kai ne za ka zaɓi manhajojin da kake so ta tsare maka, duk lokacin da ka danna ɗaya daga cikinsu sai ta sha gabanka ta fito maka da aya, ba za ka wuce ba sai ka jira ɗan lokaci, ni na sa daƙiƙa 60. Akwai lokacin shiru, wato ka ce daga ƙarfe kaza zuwa kaza kada a buɗe min komai ko da na roƙa. Akwai matacin shafukan intanet na batsa da caca. Akwai wajen da za ka saka mutum ɗaya da zai riƙa samun rahoto a kanka duk mako. Sai kuma ƙirgen kwanaki, wanda zan zo kansa don a nan ne muka fi samun saɓani da ita. Wasu daga cikin waɗannan kyauta ne, wasu sai ka biya duk wata, kuma ba ta gajiya da tuna maka hakan.

Zan fara da abin da ya yi min kyau don kar in zama marar godiya. Lokacin shirun nan, gaskiya ya yi. Na sa daga goma na dare zuwa bakwai na safe, kuma a sati biyun farko na gane abin da ban taɓa lura da shi ba, wato yawancin faɗuwata a lokaci ɗaya take zuwa, da dare ne, in na gaji, ina kwance, ba mai ganina. Ai labarin Dauda ma a 2 Sama'ila sura 11 haka ya fara, lokacin da sarakuna ke fita yaƙi shi yana gida, da yamma ya tashi daga gado yana yawo a kan soro, ido ya kai inda bai kamata ba. Mu yanzu soron a aljihu yake. To manhajar nan ta rufe min ƙofar hawa soron a daidai lokacin da na fi rauni, kuma shawarar rufewar da rana na yanke ta lokacin da hankalina ke jikina, ba a fafe gora ranar tafiya. In ka jira sai ƙarfe ɗayan dare kafin ka yanke shawarar zama mai tsarki, ka makara ɗan'uwa.

Abin ya tuna min da Nehemiya a sura 13, da ya ga 'yan kasuwa na shigowa Urushalima ranar Asabar, bai tsaya dogon wa'azi kawai ba, sai ya sa aka rufe ƙofofin birni tun duhu bai gama yi ba kafin Asabar ta shiga, ya sa mutanensa gadi. Kuma abin dariya, 'yan kasuwar ba su tafi ba, kwana suka yi a bayan garu sau ɗaya ko biyu suna jira sai da ya tsawata musu. Haka na riƙa ji a kwanakin farko, ƙofa a rufe amma ina jin motsinsu a waje, hannuna na zuwa wajen waya shi kaɗai kamar ba nawa ba, in danna, aya ta fito, in yi tsaki in ajiye. Ba na jin kunyar faɗa, na yi wa aya tsaki ba sau ɗaya ba. Amma bayan kamar sati uku barcina ya gyaru, safiyata ta dawo hannuna, na gama wasiƙun Bulus kaf a wannan lokacin, abin da na yi shekaru ina cewa zan yi.

Kuma kar wani ya ce ai rashin kamun kai ne kawai, mutum ya ajiye waya mana. Eh akwai wannan, in ɓera da sata ne to ni ne ɓeran, amma abin da ke ɗaya ɓangaren ma ba da wasa aka ƙera shi ba. Wannan jan sikirin da ba ya ƙarewa, da kake ja sabo na fitowa ba iyaka, mutum ne ya zauna ya ƙirƙiro shi, Aza Raskin ake danganta wa tun wajen 2006, kuma shi da kansa ya fito daga baya ya nuna nadama a kai. Dabarar ita ce ba ka san me zai fito a gaba ba, wataƙila shirme wataƙila abin da zai burge ka, wannan rashin sanin shi ke riƙe mutum kamar yadda na'urar caca ke riƙe ɗan caca. Manyan kamfanonin waya ma sun san da matsalar, a 2018 Apple ya fito da Screen Time, Google kuma ya fito da Digital Wellbeing, duk don mutum ya iya taƙaita wa kansa. Wannan ya kawo ni ga wata gaskiya da ya kamata duk mai son biyan kuɗi ya sani, rabin abin da manhajar nan take yi wayarka tana iya yi kyauta, ayar da rahoton ne ƙarin da aka yi.

To yanzu matsalolin. Ƙananan dai su ne tana shan batir sosai, tana neman izinin ganin kusan komai a wayarka wanda ya kamata mutum ya tsaya ya karanta kafin ya amince, ayoyin babu su da Hausa sai dai in ɗauko nawa Littafin in duba, matacin kuma wani lokaci ba shi da kai, ya taɓa toshe min wani sharhi a kan Waƙar Waƙoƙi, wata rana kuma shafin bayanin lafiya. Waɗannan duk mutum zai iya haƙuri da su.

Wanda ya fi damuna shi ne abin da ta mai da ayar. A wata na biyu na kama kaina ina yin wani abu, in na danna manhajar bidiyo aya ta fito, idona ba ya kan ayar, yana kan agogon da ke ƙirgawa a ƙasa, 60, 59, 58, ina jira ya kai sifili in wuce. Wato Maganar Allah ta zama kuɗin shiga, in biya da minti ɗaya a buɗe min ƙofar kasuwar duniya. Kai abin nan ya tsorata ni fiye da awa biyar ɗin can, domin da can aƙalla na san cewa ina gudun Littafi ne, yanzu kuwa ina kallonsa ido da ido kullum sau talatin amma ya zama min kamar mai gadin da na saba da shi, mu gaisa in wuce. Har wani ɓangare na zuciyata ya fara cewa ai ka karanta aya, ka cancanci ka ɗan huta. Haba. Wannan ciniki ne, ba ibada ba.

Sannan zaɓin ayoyin ma da gyara. Kusan kullum waɗanda ke da daɗin ji ne, an yanko su daga mahallinsu. Irmiya 29:11 ta fito min ban san sau nawa ba, maganar shirin alheri da Allah ke da shi, amma ba ta taɓa gaya min cewa wasiƙa ce aka aika wa mutanen da ke bauta a Babila ba, kuma a ayar da ta zo kafin ita an gaya musu sai shekara 70 ta cika. In ka san wannan ayar ta fi ƙarfi ma, don magana ce ga mutanen da za su zauna a tsakiyar Babila su gina gidaje su nemi lafiyar birnin ba tare da sun zama 'yan Babila ba, wanda shi ne ainihin halin da mai bi ke ciki da wayarsa. Amma manhajar ta ba ni ita kamar saƙon fatan alheri. Kuma mu tuna fa, a Matiyu sura 4 da Iblis ya zo gwada Yesu bayan azumin kwana 40, shi ma aya ya jawo, daga Zabura 91. Yesu ya amsa sau uku daga littafi ɗaya na Attaura, kowace amsa ta dace da gwajin da aka kawo, don maganar a cikinsa take, ba fitowa take a sikirin ba bisa sa'a. Aya ba laya ba ce. 'Ya'yan Siba su bakwai a Ayyukan Manzanni 19 sun gwada amfani da sunan Yesu kamar laya, kowa ya san yadda suka fita daga gidan nan, tsirara da raunuka.

Sai ƙirgen kwanaki. Kullum ka cika burinka sai a ƙara maka lamba ɗaya da ɗan hoton wuta, in ka kai kwana 7 a ba ka tambarin ɗamara, 30 a ba ka sulke, haka dai har a haɗa maka makaman yaƙin ruhaniya da Bulus ya lissafa a Afisawa 6 duka, ka zama cikakken soja a hoto. Da farko na ji daɗinsa, ƙarya ne in ce ban ji ba. Amma da na kai kwana 50 da wani abu sai na lura ina ɗaukar hoton lambar ina tunanin wa zan tura wa, ina zaune a sujada ina kallon na kusa da ni yana latsa waya ina cewa a raina Allah sarki, bai san yaƙi ba. Ni da na shigo neman tsira daga sha'awar ido sai ga ni tsundum cikin fahariya, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Yohanna a wasiƙarsa ta fari 2:16 da ya lissafa abin da ke cikin duniya guda uku ya ambata, sha'awar jiki, sha'awar ido, da alfarmar banza ta rayuwa, to manhajar nan tana yaƙar biyun farko da hannu ɗaya tana ciyar da na ukun da ɗaya hannun. Bafarisiyen nan na Luka 18 mai azumi sau biyu a mako, da yana da waya na tabbata da lambarsa ta fi ta kowa.

Wannan ba sabon abu ba ne ma. Akwai wani mai zaman kaɗaici a hamadar Masar, Ibagiriyus mutumin Fontus, an haife shi wajen 345 ya rasu 399, ya lissafa mugayen tunani guda takwas da ke kai wa mai bi hari, haɗama, fasikanci, son kuɗi, baƙin ciki, fushi, kasala ta ruhu, neman yabo, da girman kai, jerin da Paparoma Giregori ya gyara wajen 590 ya zama bakwai ɗin nan da aka sani. Abin da ya lura shi ne neman yabo yakan zo ne bayan an ci nasara a kan sauran, wato nasarar ce abincinsa. Kuma yadda ya kwatanta kasalar nan sai ka rantse wayarka ya gani, mutum na zaune da rana tsaka yana jin rana ta ƙi tafiya, yini kamar awa 50, yana ta leƙa taga ko wani zai zo. Mutumin da ke hamada ba intanet ba komai amma yana leƙen taga. Wannan ya nuna min cewa ƙaiƙayin da ke sa ni duba waya ya girmi waya da fiye da shekara 1,600, in ka kulle wannan tagar zuciya za ta nemo wata.

Kuma ta nemo. Da aka rufe min bidiyo na koma karanta labaran siyasa ina fushi da mutanen da ban taɓa gani ba, da na saka wannan ma a kulle na koma shafukan saye da sayarwa ina kallon abubuwan da ba zan saya ba, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to bangona ba a waya ya tsage ba. Yesu ya faɗa a Markus 7 cewa daga ciki ne, daga zuciyar mutum, mugayen tunani ke fitowa. Bulus kuma a ƙarshen Kolosiyawa 2 ya yi maganar dokokin kada ka taɓa kada ka ɗanɗana, ya ce suna da kamannin hikima amma ba su da amfani wajen hana jiki biyan muradinsa. Ban ce kulle ba shi da amfani ba, na riga na faɗi amfaninsa, Yusufu ma gudu ya yi ya bar rigarsa a hannun matar Fotifar bai tsaya muhawara ba, kuma an ce wa Timoti ya guje wa sha'awoyin ƙuruciya. Amma a ayar nan ɗaya, 2 Timoti 2:22, bayan gudu akwai bi, ka bi adalci da bangaskiya da ƙauna da salama, tare da masu kira ga Ubangiji da zuciya mai tsabta. Manhajar ta iya gudu, ba ta da abin cewa a kan inda za a gudu a je. Labarin gidan da aka share aka gyara aka bari ba kowa a Matiyu 12, wanda aljanin ya dawo da wasu bakwai da suka fi shi mugunta, na gane shi da jikina ranar da ƙirgena ya karye a kwana 63.

Yadda ya karye ma abin dariya ne, tafiya na yi wayar ta mutu yini guda, da na kunna sai na ga sifili, wuta ta mutu, sulke ya tafi, ga saƙo wai abokin gaba ya samu nasara a yau, in na biya za a maido min da kwanakina. To a nan raina ya ɓaci ƙwarai. Na farko ba Shaiɗan ba ne, caja na manta. Na biyu, sayar min da sulken adalci za ku yi? Amma abin da ya biyo baya laifina ne ba nasu ba, na ce tunda an riga an zubar bari in sha iska, na cire duk kullen na yi kwana uku ina latse-latse kamar wanda aka sako daga kurkuku, fiye da yadda nake yi kafin in sauke ta. A nan na san cewa kwana 63 ɗin nan lambar nake tsaro, ba zuciyata ba.

Wani abin kuma shi ne yaren tsoro da take amfani da shi a sanarwa, kullum maƙiyi na kewaye, kullum an kai hari, kullum tashi ka yi yaƙi. Ban musanta ba, Bitrus ya ce magabcinmu na zagawa kamar zaki mai ruri, Bulus ya ce kokawarmu ba da nama da jini ba ce. Amma in ka koma Afisawa 6 ka karanta daga aya 10 zuwa 20 a natse za ka ga kalmar da yake ta maimaitawa ita ce tsayawa, ku tsaya, ku dage. Mutumin da ya rubuta wannan a ɗaure yake, da kansa ya ce shi jakada ne cikin sarƙa, ba wani jarumi ne a kan doki ba irin hoton manhajar. Kuma makaman da ya lissafa duba su da kyau, gaskiya, adalci, shirin bisharar salama, bangaskiya, ceto, Maganar Allah, sai ya rufe da addu'a a kowane lokaci domin dukan tsarkaka. Ba ɗaya a ciki da za a iya ba ka don ka cika kwana 30. Yawancinsu ma Allah ne ya riga ya bayar, naka kawai ka sa. Sannan duk maganar da jam'i ya yi ta, ku ne ba kai ba, garkuwar sojan Roma ma doguwa ce da ake haɗa ta da ta na kusa a yi bango, soja ɗaya da garkuwarsa shi kaɗai a fili bayansa a buɗe yake.

Wannan ya kawo ni ga ɓangaren da ya fi komai amfani a cikinta, kuma shi ne na fi ƙin kunnawa, wato rahoton mako. Sai bayan faɗuwar nan na daure na saka wani dattijo da muke sujada tare, mutum ne da bai damu da waya ba sam, sai da na nuna masa yadda zai buɗe saƙon. Ranar da na je na ce, Baba, ina son ka riƙa ganin abin da nake yi da wayata duk mako, sai ya kalle ni ya ce, ɗana, ni ba ɗan sanda ba ne, in ka yarda in tambaye ka lafiyar zuciyarka to, in lambobi ne ka riƙe abinka. Kuma haka ya yi, rahoton na zuwa masa amma bai taɓa ce min awa nawa ka yi ba, tambayarsa kullum ita ce me kake gudu ranar Talata da dare. Karo na farko na ce ba komai Baba, ya yi shiru, shirun nan irin na manya da ya fi duka zafi, sai ga ni ina ba shi labarin wani ɓacin rai da na yi wata biyu ina haɗiyewa da bidiyo. Muka yi addu'a. Yakubu 5:16 da ke cewa mu furta wa juna laifofinmu mu yi wa juna addu'a, na san ta tun ina yaro amma ranar na fara yin ta. Manhajar dai ita ta kai takardar, wannan na yaba mata, amma aikin mutum ne ya yi.

Sai dai a yi hattara da wannan ɓangaren, wanda za ka saka ya zama mai riƙe sirri kuma mai tsoron Allah, don kana miƙa masa cikinka ne. Kuma ban goyi bayan miji ya ɗora wa matarsa ko mata ta ɗora wa mijinta a ɓoye ba, ko shugaban matasa ya tilasta wa yara, in ba da yardar mutum ba ne ya zama leƙen asiri, kuma mutum zai koyi ɓoyewa ne kawai, waya ta biyu ba ta da wuyar samu.

Akwai kuma wani kuskure da take sa mutum ya yi a hankali, na ɗaukar cewa duniya jerin manhajoji ce, ka kulle guda shida ka gama da duniya. Alhali Dimas da Bulus ya ce ya yashe shi saboda ƙaunar duniyar nan ba shi da ko ɗaya. Son a san da kai, hassada, auna darajar mutum da abin hannunsa, riƙe mutum a zuciya, duk waɗannan suna bin mutum har cikin coci su zauna a kujerar gaba, ba matacin da zai kama su. Yesu kuma a Yohanna 17 bai roƙa a ɗauke mu daga duniya ba, ya roƙa a kiyaye mu daga Mugun. Romawa 12:2 ta ce kada mu biye wa zamanin nan, amma maganin da ta bayar sabunta hankali ne, wannan kuwa aiki ne mai cin lokaci, sura bayan sura, ba ya shiga cikin daƙiƙa 60.

In tauraro ake bayarwa zan ba ta uku cikin biyar. Wanda dare ke ba shi wahala, ko wanda batsa ko caca ta kama kuma yana son shinge yau yau kafin ya samu taimako, ya sauke ta ko wata irinta, za ta taimaka, kar ya ji kunya. Wanda kuma ya san kansa da son gasa ko yawan zargin kai, ya kashe ƙirgen tun ranar farko, don ko dai ya kumbura shi ko ya karya shi. Ni yanzu na daina biya, na kashe ƙirgen, na kashe ayar da ke fitowa a bakin ƙofa na mai da shi sikirin baƙi kawai mai cewa jira, don na fi son in yi wa baƙin sikirin tsaki. Lokacin shiru na nan daga goma zuwa bakwai, wayar na kwana a wani ɗaki, Littafin takarda na gefen gado. Rahoton ya tsaya tunda yana cikin na kuɗi, na gaya wa Baba, ya ce dama shi bai cika buɗewa ba, in zo ranar Asabar kamar yadda muka saba.